Waken Gwangwani: Da An Buɗe, Ajiya Ta Ƙare

Gabatarwa

Ƙasar Bici, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, ƙasa ce ta noma, gona na manne da gona, ƙauye na hangen ƙauye. Manomin wannan yanki yakan tsarma wake a tsakanin gero da dawa, idan kaka ta yi ya yi roro, ya adana ƙwaya don iyali, ya ɗaure harawa don dabbobi. Saboda haka babu mai koya wa mutumin Bici ko na Badume ko na Ɗanzabuwa cin wake. Garau-garau da ƙosai da alala da ɗanwake duk abincin yau da kullum ne. Sai dai wani baƙon wake ya samu shiga, wato waken gwangwani, wanda ake gani a kantuna da teburan masu shayi, da cikin haɗin latas da kabeji na ranar biki ko na buɗa-baki a watan azumi, da kuma akwatunan ɗalibai 'yan makarantar kwana.

Wannan baƙo ya zo da wani zato mai haɗari. Mutane da yawa sun ɗauka cewa abin da ya shekara a kan kanta bai lalace ba, kwana ɗaya ko biyu a ɗaki ba zai yi masa komai ba. Ilimin halittu bai goyi bayan wannan zato ba. Daga lokacin da wuƙa ta huda murfin gwangwani, waken da ke ciki ya zama daidai da wanda aka sauke daga murhu, kuma a gidan da babu firjin da za a dogara da shi, awoyi kaɗan suka rage masa. Dabarar da ta fi kowace ita ce kada a bar ragowa tun farko.

Me Ke Tsare Abinci A Cikin Gwangwani?

Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ne ya fara gano cewa idan aka zuba abinci a kwalba, aka toshe bakinta sosai, aka dafa ta cikin ruwan zafi, abincin yakan daɗe bai ruɓe ba. Ya wallafa bayanin hanyarsa a 1810, kuma a wannan shekarar ce Peter Durand ya yi rajistar yin haka da gwangwanin ƙarfe a Ingila. Appert bai san dalilin nasararsa ba. Sai bayan kimanin shekara 50 binciken Louis Pasteur ya nuna cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, wato ƙwayoyin bakteriya da danginsu, su ne ke ruɓar da abinci.

Ke nan abu biyu ne ke aiki a gwangwani. Zafi yana kashe ƙwayoyin da ke ciki, rufi kuma yana hana wasu shiga. Ga abinci marar tsami irin wake da nama da kifi, tafasar ruwa ta digiri 100 na ma'aunin Salshiyas ba ta isa ba. Masana'antu sukan kai zafin digiri 121 cikin wata babbar tukunya mai matse tururi, kuma mafi ƙarancin lokacin da aka yarda tsakiyar abincin ya yi a wannan zafi shi ne minti 3. Abin lura a nan shi ne wake bai sami wani sabon ƙarfi na ƙin ruɓewa ba. Hasali ma dahuwar ta tausasa shi, ta cika shi da ruwa, ta kuma kashe duk ƙwayoyin da za su yi gogayya da wadda ta fara faɗawa ciki. Da an buɗe, cokali da yatsa da ƙuda da ƙurar hanya duk sun sami gona wadda aka share aka zuba wa taki.

Zafin Ƙasar Kano Da Lissafin Ƙwayoyin Cuta

Ƙwayar bakteriya tana hayayyafa ne ta hanyar rabewa biyu. Idan ta sami abinci da danshi da ɗumi, takan rabu duk bayan kimanin minti 20. Mai karatu na iya yin lissafin da kansa: ɗaya ta zama 2, 2 su zama 4, 4 su zama 8 cikin awa guda. Idan aka ci gaba da haka har awa 7, ƙwaya ɗaya tak ta haura miliyan 2. Wato gwangwanin da aka buɗe bayan sallar isha'i, kafin asuba ya zama gari guda na ƙwayoyin cuta. Hausawa na cewa wake ɗaya ke ɓata gari, kuma a nan ƙwaya ɗaya ce ke ɓata wake.

Hayayyafar tana yin ƙarfi ne tsakanin digiri 5 da digiri 60. Ƙasa da 5 sanyi yana daƙile yawancin ƙwayoyin, sama da 60 zafi yana hana su. Wannan ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kada a bar dafaffen abinci a fili fiye da awa 2, hukumomin abinci na Amurka kuma suka rage zuwa awa 1 idan zafin gari ya wuce digiri 32. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a ƙasar Kano yakan kusanci digiri 40, wani lokaci ya wuce, kuma ɗakin kwano ya fi waje zafi. Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da mutane ke jin ɗumi da asuba, sanyin bai sauka zuwa digiri 5 ba. Ashe babu wani wata a shekara da ɗakin mutumin Bici zai maye gurbin firji.

Abokan Gaba Uku

Akwai ƙwayoyi uku da ya kamata mai sarrafa wake ya sani. Dukansu mazauna ƙasa ne, suna cikin turɓaya da ƙura, kuma dukansu suna da wata dabara guda: idan rayuwa ta yi tsanani sai su dunƙule cikin wani ƙwanso mai tauri, su yi kwance kamar iri a rani. Tafasa ba ta cika kashe su a wannan hali ba. Da abinci ya huce sai su farka.

Ta farko ita ce Clostridium perfringens. Tana son abinci mai gina jiki irin wake da nama da romo, musamman wanda aka dafa da yawa aka bari yana hucewa a hankali. A ɗumin digiri 43 zuwa 45 tana iya rabewa cikin kusan minti 10. Wanda ya ci ta da yawa, cikin awa 6 zuwa 24 zai fara murɗawar ciki da gudawa. Babba mai ƙarfi yakan warke cikin yini guda, amma gudawa a jikin yaro ƙarami ko tsoho ba abin wasa ba ce.

Ta biyu ita ce Bacillus cereus, wadda ta fi shahara a shinkafa da taliya, kuma kowa ya san wake da shinkafa tare suke tafiya a ƙasar Hausa. Wani nau'inta yana zuba guba a cikin abincin tun kafin a ci, gubar da ke jawo amai cikin 'yan awoyi, kuma zafin murhu ba ya karya ta. A 2008 wani ɗalibi ɗan shekara 20 a birnin Burasal na ƙasar Beljiyam ya ci taliyar da ta kwana 5 a ɗaki ba a sa ta a firji ba. Ya ɗumama ta kafin ya ci, amma washegari aka iske ya rasu, kuma bincike ya gano wannan ƙwaya da gubarta a abincin.

Ta uku, Clostridium botulinum, ita ce mafi ƙarancin aukuwa, mafi muni kuma. Emile van Ermengem ne ya gano ta bayan wasu makaɗa sun ci naman da aka adana da gishiri a garin Ellezelles na Beljiyam a 1895, mutum 3 suka mutu. Ba ta girma sai inda babu iskar oksijin, shi ya sa gwangwanin da ba a dafa sosai ba, ko wanda ya huje ya sake toshewa, ya zama gidanta. Gubarta jijiyoyi take kamawa. Yawanci bayan awa 12 zuwa 36 mutum zai fara gani bibbiyu, fatar ido ta saki, haɗiya da magana su gagara, daga nan shanyewa ta gangara zuwa ƙirji ta tsayar da numfashi. Ba ta zuwa da zazzaɓi, don haka a karkara ana iya ɗaukar ta a matsayin iska ko sammu, a ɓata lokacin da ya kamata a ce an garzaya asibiti. Saboda ita ne ake cewa gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa har ya huje, ko ya lotsa a kan ɗinkinsa, ko ya yi feshi lokacin buɗewa, a binne shi ba tare da an ɗanɗana ba, kada ma a ba kaji.

Dabaru Huɗu Da Ke Yaudarar Mutane

Dabara ta farko ita ce a danna murfin gwangwanin a mayar, a ajiye a kan taga ko ƙarƙashin tebur. Murfin da aka yanke ba ya sake rufuwa. Bugu da ƙari, gwangwani ƙarfe ne da aka shafe da kuza, kuma idan babu fenti a cikinsa, shigar iska tana hanzarta narkewar kuzar cikin abincin, musamman mai ruwan tumatir. Wannan yakan sauya ɗanɗano, idan ya yi yawa ya dami ciki. Abin da ya dace shi ne a juye ragowar nan take cikin tangaran ko kwalba ko roba mai murfi wadda aka wanke.

Ta biyu ita ce kula. Kular abinci tana da amfani idan an zuba abinci yana tururi za a ci nan da awa ɗaya ko biyu. Idan aka bar shi ya kwana, zafin yakan sauko a hankali ya daɗe a tsakanin digiri 50 da 35, cikin rufi, ba iska, wato daidai yanayin da masana ke shirya wa Clostridium a ɗakin gwaji idan suna son ta yi yawa. Haka nan ƙulla wake mai ɗumi a leda.

Ta uku ita ce randa cikin randa. Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta da ya yi aiki a Jihar Jigawa, ya yaɗa wannan fasaha a karkara, ya kuma sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda ita. Ana sa ƙaramar randa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwa yana tashi yana ɗauke zafi. Fasaha ce mai albarka ga tumatir da gauta da alayyafo, domin ɗanyen kayan lambu ba ya bukatar sanyi mai tsanani. Amma ko da ta rage digiri 10 ko 15 daga zafin bazara, abin da ya saura yana nesa da digiri 5. Dafaffen wake ba kayanta ba ne.

Ta huɗu ita ce firjin da wuta ke zuwa masa tana komawa. Gargaɗin da ake rubutawa a jikin gwangwani, cewa a sa ragowa a firji a cinye cikin 'yan kwanaki, an yi shi ne don ƙasashen da ba a ɗauke wuta. A firji mai aiki dare da rana, ragowar wake takan kai kwana 3 zuwa 4, a sashen ƙanƙara kuma ta kai wata da watanni. Idan aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kimanin awa 4 ne kawai. Bayan haka ya zama akwati. Dawowar wuta kuma ba ta kashe ƙwayoyin da suka riga suka yi yawa, sanyaya su kawai take yi.

Matsayin Ɗumame

Matan ƙasar Hausa sun daɗe da wata hikima tun kafin zuwan lantarki. Bayan an ci abincin dare sai a sake tafasa miya, a rufe, a hana kowa sa cokali, da safe a sake tafasawa kafin a ci. Kimiyya tana ganin ma'ana a kowane mataki. Tafasar dare tana kashe ƙwayoyin da suka faɗa lokacin rabon abinci, hana sa cokali yana tsare shigar wasu, tafasar safe kuma tana kashe waɗanda suka farka daga ƙwanso cikin dare. Har gubar botulinum tana karyewa idan abinci ya yi minti 5 a zafin da ya wuce digiri 85.

Duk da haka ɗumame garkuwa ce mai huda. Ba ya karya gubar Bacillus cereus, kuma bai cika sharaɗin awa 2 ba. Gidan da ba shi da wata hanya, to ya yi shi da kyau: a juye waken a tukunya tun bai jima a buɗe ba, a ƙara ɗan ruwa, a bari ya tafasa sosai ana juyawa har tsakiya, domin wake mai kauri yakan yi zafi a gefe tsakiyarsa na nan da sanyi. Kwana ɗaya ne iyakarsa, kuma kada a ba jariri ko mai ciki ko majiyyaci. Ɗora tukunya a kan garwashin da ya kusa mutuwa har abinci ya yi ɗumi-ɗumi ya fi rashin ɗumamawa haɗari.

Akwai nau'in ragowar da ɗumame ba zai yiwu gare ta ba sam, wato haɗin ganye na biki da na azumi. Waken da aka cakuɗa da latas da dafaffen ƙwai da bama ba ya komawa wuta. Wanda aka haɗa da la'asar don buɗa-baki, bai kamata ya kai sahur ba. Gara a bar gwangwanin a rufe sai an kusa kiran sallah, a haɗa iya abin da za a cinye.

Hujjojin Masu Ja

Wani zai ce abinci ya yi tsada, zubar da shi almubazzaranci ne. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ya kamata a yi tanadin tun a kanti. Babban gwangwani yana da araha idan an auna da nauyi, amma arahar ta tafi idan aka zubar da rabinsa, ko aka kashe ninkin kuɗinsa wajen ƙarin ruwa a asibiti. Mai iyali kaɗan ya sayi ƙarami. Idan an sami ragowa, a shigar da ita cikin girki na gaba ba tare da jinkiri ba: a zuba a dafa-duka ko taliya ko miyar tumatir, ta tafasa tare da su. Ɗalibai biyu ko uku su haɗa kuɗi su buɗe guda su cinye.

Wani kuma zai ce hanci da harshe sun isa alƙalai, idan bai yi tsami ko yauƙi ba, lafiyarsa lau. Ƙwayoyin da ke sa tsami da wari dabam suke da waɗanda ke sa cuta. Abinci na iya ɗauke da miliyoyin Clostridium perfringens ƙamshinsa bai sauya ba, ga shi kuma ruwan tumatir da sukari na waken gwangwani suna ɓoye ɗan canjin da ya fara. Tsami shaida ce ta lalacewa, amma rashinsa ba shaidar lafiya ba ne.

Na uku zai ce an daɗe ana ci babu wanda ya mutu. Amai da gudawa sun zama ruwan dare har ba a tambayar asalinsu, a ce sauyin ruwa ne ko shawara ko haƙori. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 a shekara, yana kashe 420,000, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yankin Afirka kaɗai yana da majiyyata fiye da miliyan 91 da mace-mace 137,000.

A nan akwai wata magana mai nauyi. A garuruwan ƙasar Hausa, abincin da ya kwana, wanda mutanen gida suka fara shakkarsa, yakan ƙare a robar almajiri. Yaron yana haɗa na gida uku ko huɗu a roba guda, ya yi ta yawo da shi cikin rana. Duk wanda ya yi niyyar sadaka, ya bayar lokacin da shi kansa zai iya ci. Abin da mutum ya ji tsoron ba ɗansa, ɗan wani ma hanji gare shi.

Busasshen Wake Ya Fi Kowane Gwangwani

Waken gwangwani ba irin na gonar Bici ba ne. Yawancinsa daga jinsin Phaseolus vulgaris ne, wanda asalinsa nahiyar Amurka, shi kuwa na gida Vigna unguiculata ne, ɗan asalin Afirka, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noma shi a duniya. Busasshen wake ba ya bukatar firji, domin bakteriya ba ta girma inda babu ruwa. Maƙiyinsa ƙwaro ne, kuma an sami maganinsa. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Afirka suka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, yana hana iska shiga har ƙwaron ya mutu ba tare da an zuba guba ba. Muhimmancin haka ya fito fili a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari na dikulobos da aka samu a jikinsa.

Abin sha'awa ga ɗalibin halittu shi ne yadda rufi guda ke yin aiki biyu. Hana iska yana tsare busasshen wake, amma yana taimakon Clostridium a jiƙaƙƙen wake mai ɗumi. Bambancin duka ruwa ne. Uwargidan da ke ɗibar gwargwadon bukata daga buhu ta dafa, iyali su cinye, ta fi mai rabin gwangwani a kan taga bin ƙa'idar kimiyya. Gwangwani yana da ranarsa, a tafiya ko lokacin gaggawa ko inda itace ya yi wuya, kuma a nan ya kamata ya tsaya.

Kammalawa

Akwai aiki a gaban hukumomi. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna, tana da ikon tsara abin da ake rubutawa a jikin kaya. Zai yi kyau gargaɗin ajiya ya fito da Hausa da sauran manyan harsuna, kuma ya faɗi abin da marar firji zai yi. Ma'aikatan duba-gari na ƙananan hukumomi su zauna da masu shayi da masu sayar da abinci, su nuna musu haɗarin buɗe babban gwangwani ana ɗiba daga safe har dare. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bici, waɗanda gobe su ne malaman firamare da sakandare a ƙauyuka, za su iya koyar da lissafin rabewar ƙwaya da allo da alli kawai.

Ga magidanci da uwargida kuwa, ƙa'idar gajeriya ce. A duba gwangwani da ranar ƙarewar wa'adinsa kafin a saya, a sayi iya ciki, a buɗe lokacin da za a ci. Idan an rage a juye, a sa a firji mai aiki ko a mayar wuta cikin awa 2, cikin awa 1 idan bazara ce. Wanda ya wuce haka a buɗe, a haƙura da shi. Duk wanda kuma ya fara gani bibbiyu ko haɗiya ta gagare shi bayan cin abin gwangwani, a kai shi asibiti nan take, a tafi da gwangwanin. In kunne ya ji, jiki ya tsira.